Idan tauraro mai juyi ya rufta, ina juyin yake zuwa?

Baban Khadija (Agege): Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana sararin samaniya na wannan zaure. An ce babban tauraro idan makamashinsa ya ƙare sai ya rufta cikin kansa ya zama baƙin rami, wanda ko haske ba ya kuɓuta daga gare shi. An kuma ce baƙin rami yana da iyakar juyin da ba ya wucewa. To taurari ai duk juyawa suke yi. Idan wanda zai rufta juyinsa ya riga ya zarce wannan iyakar fa, me zai zama?

Malamin Fiziks (Idi-Araba): Wa'alaikumus salam Baban Khadija. Wannan tambayar taka masana sun fi shekara 50 suna kai ruwa rana a kanta. Bari in faro daga tushe saboda waɗanda ba fanninsu ba ne.

A 1915 Einstein ya fito da nazariyyarsa, cewa nauyi lanƙwasa sarari da lokaci yake yi, kuma wannan lanƙwasar ce muke ji a matsayin janyowa. Ba a rufa shekara ba Karl Schwarzschild, yana bakin daga a matsayin sojan Jamus, ya warware lissafin ga abu mulmulalle da ba ya juyawa. A ciki aka ga cewa kowane nauyi yana da wani girma da in aka matse shi ya kai can, shi ke nan babu fita. Rana sai an matse ta ta koma faɗin kilomita 6, wato kusan rabin gadar Third Mainland. Duniyar nan kuwa faɗinta sai ya koma ƙasa da santimita 2.

A 1939 Oppenheimer da Snyder suka bi ruftawar dunƙulen ƙura mulmulalle, wato abu marar matsi a cikinsa, daki-daki. Suka ga iyakar ba-dawowa, wato layin da in an ƙetare shi ko haske ba ya fitowa, ita ce take fara kafuwa, sannan komai ya tattaru a cibiya, inda lanƙwasar take zama marar iyaka, lissafi ya tsaya cik. Mutane suka ce ai don an ɗauka abin mulmulalle ne sak, na gaske ba zai yi haka ba. Sai Roger Penrose na Ingila ya nuna a 1965 cewa ko da abin a karkace yake, muddin matsewar ta wuce wani mataki, ba makawa sai an kai ga irin wannan cibiya. A 1969 kuma ya kawo hasashensa: duk cibiyar da ruftawa ta haifar, a lulluɓe take cikin iyakar ba-dawowa, wanda ke waje ba zai gan ta ba. Hasashen sutura ke nan. Har yau ba a tabbatar da shi da hujjar lissafi ba, ba a kuma rushe shi ba.

Kawu Mile 12: Malam, Allah ya ƙara basira. Ni nan albasa nake saukewa daga tirela amma ina biye da ku. Abin da ban gane ba, a lulluɓe take ko a buɗe, mene ne abin damuwa? Ai ba mai zuwa wurin.

Malamin Fiziks (Idi-Araba): Kawu, ba sai an je ba, ita za ta aiko. Amfanin ilimin fiziks duka shi ne, in ka san halin da abu yake ciki yanzu, za ka iya lissafa yadda zai kasance gobe. A cibiyar nan dokokin ba sa aiki, ba wanda zai ce ga abin da zai fito daga cikinta. In tana bayan iyaka, duk abin da ta yi a can ya tsaya. In kuwa tsirara take, haske da zafi daga wurin da babu doka za su iso gare mu, nazariyyar ta rasa ikon faɗin abin da zai faru a wajen ma.

Ɗalibar Akoka: Assalamu alaikum. Malam, da izininka in ɗora a kan maganar juyi, don nan ne tambayar Baban Khadija take. A 1963 Roy Kerr, mutumin Niyu Zilan, ya samo lissafin baƙin rami mai juyawa. Abu biyu ne kawai ke bayyana shi, nauyi da yawan juyi. Ana haɗa su a fitar da lamba guda. In lambar tana ƙasa da 1, akwai iyakar ba-dawowa. In ta kai 1 daidai, an zo maƙura. In ta haura 1, iyakar ta ɓace gaba ɗaya, abin da ya rage cibiya ce mai siffar zobe a fili.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na lissafa da kaina. Lambar rana kusan 0.2 ce, ba matsala. Amma ta duniyar da muke takawa ta haura 700. Wato abubuwan da juyinsu ya zarce iyakar Kerr ba baƙi ba ne, muna zaune a kan ɗaya. Saboda haka tambayar ba ta raha ba ce.

Baban Khadija (Agege): Yauwa ƙanwata, nan nake nufi. To in aka matse irin wannan?

Injiniya (Apapa): Ni a ganina amsar ba ta da nisa. Baban Khadija, in ka je wurin mai askinka, zauna a kujerar nan mai juyawa, ka riƙe gorar ruwa a kowane hannu ka miƙe hannuwan, yaronsa ya juya ka. Sai ka janyo gororin zuwa ƙirji. Nan take za ka ji gudun ya ƙaru, kuma gororin suna fizgar hannunka waje da ƙarfin da ya fi na farko. Juyin bai tafi ko'ina ba, matsewa ce ta ƙara masa kaifi. A lissafi, in tazara ta ragu da rabi, janyowa tana ninkuwa sau 4, amma fizgar juyi sau 8 take ninkuwa. Ko ba daɗe ko ba jima fizga za ta rinjaya, abin ya tsaya ko ya koma baya. Juyin da ake tsoron zai yaye suturar shi ne zai hana ruftawar tun farko.

Ɗalibar Akoka: Yallaɓai Injiniya, wannan lissafin Newton ne, kuma a wurinsa haka yake. A wurin Einstein akwai ƙarin janyowa da ba a jin ta daga nesa, amma tana ninkuwa sau 16 in tazara ta ragu da rabi. A kusa sosai ita take cinye fizgar. Shi ya sa abu mai juyi yake iya faɗawa baƙin rami. Ba za mu jingina da fizga kaɗai mu ce magana ta ƙare ba.

Injiniya (Apapa): To ai sai a lissafa tauraron gaba ɗaya da dokar Einstein a huta.

Malamin Fiziks (Idi-Araba): Da ana iyawa da alƙalami da tuni an yi, Injiniya. Nan ne maganar ɓawo ta shigo, kuma ina so a fahimce ta da kyau.

Tauraro na gaske yana da zafi, da matsi, da maganaɗisu, da ciki hawa-hawa. Sai masana suka ce a tattara duk nauyin a ɓawo siriri, ciki fanko, waje fanko. A 1966 Werner Israel ya ba da ƙa'idar ɗinke sararin ciki da na waje a jikin irin wannan ɓawo: bambancin lanƙwasar ɓangarorin biyu shi ne yake gaya maka nauyi da matsin da ke jikin ɓawon, kuma daga nan kake samun yadda zai motsa. In ɓawon mulmulalle ne ba ya juyawa, aikin ɗalibi ne. Ciki sarari ne miƙaƙƙe, waje kuwa dole na Schwarzschild ne, saboda Birkhoff ya tabbatar a 1923 cewa abu mulmulalle ko yana kumbura ko yana tsukewa, wajensa ba ya canzawa.

Da zarar ka sa juyi, wannan gatan ya tafi. Ɓawon zai baje ta tsakiya ya tsuke ta sama da ƙasa. Yana ruftawa yana fitar da igiyoyin nauyi, wato girgizar sarari da ke bazuwa waje, su kuma suna ɗauke makamashi. Wajensa ba na Kerr ba ne sai bayan komai ya lafa. Cikinsa ma ba ya zaune lafiya: tun 1966 Brill da Cohen suka nuna ɓawo mai juyi yana jan sararin da ke cikinsa ya bi shi juyawa. Wannan jan ba tatsuniya ba ne, tauraron ɗan'adam na Gravity Probe B da aka harba a 2004 ya auna shi a kewayen duniya, aka fitar da sakamako a 2011.

Saboda haka sai aka koma dabara, a nemo siffar da juyi ba ya ɓata ta. Wadda ta fi burge ni ita ce ta Apostolatos da Kip Thorne a 1992. Suka ɗauki ɓawo mai siffar bututu marar ƙarshe, na ƙura. In babu juyi, yana ruftawa ya zama zare marar kauri, cibiya tsirara, babu iyakar da ta rufe ta. Sai suka sa rabin ƙurar ta kewaya dama, rabi hagu. Komai ƙanƙantar juyin da suka sa, ruftawar sai ta tsaya, ɓawon ya dawo baya. Ku lura, komai ƙanƙantarsa. Ni wannan sakamakon shi ya fara sa na yarda Penrose ya hango gaskiya.

Maman Amir (Obalende): Malam, afuwan, me ya kai su ga bututu? Akwai tauraro mai siffar bututu ne?

Malamin Fiziks (Idi-Araba): Babu, Hajiya. Dalilin shi ne a 1991 Shapiro da Teukolsky sun gwada a kwamfuta ruftawar gajimaren ƙura dogo siriri, suka ga alamar cibiya tana fitowa ba tare da iyaka ta rufe ta ba. Bututun hanya ce ta duba ko ɗan juyi zai sauya wannan labarin, kuma ya sauya.

Ɗalibar Akoka: Malam, Allah ya gafarta, a nan ne nake da ja. An zaɓo misalin da ya goyi bayan Penrose, amma akwai wanda bai goya ba, kuma shi ma ɓawo ne mai juyi. Sararinmu awo huɗu gare shi, tsawo da faɗi da tsayi da lokaci. In aka rage shi ya zama uku, tsawo da faɗi da lokaci kawai, ɓawo zobe ne, juyi ba ya ɓata masa siffa, kuma babu igiyoyin nauyi. A can akwai baƙin rami mai juyi da Bañados da Teitelboim da Zanelli suka samo a 1992. A 2009 Mann da Oh da Park suka bi ruftawar ɓawo mai juyi a wannan sarari. Ga ƙura zalla sun samu abin da Malam ya faɗa, juyi ya kafa katanga, ba a kai cibiya ba. Amma da suka sa wa ɓawon matsi a jikinsa, sai ya zama ana iya kai wa ga cibiya tsirara, kuma ba sai an daidaita farkon lamarin da wata gwaninta ba. Abin da suka yanke shi ne a wannan sarari juyi ba ya tsare suturar a kowane hali.

To ƙura zalla ce ta fi kama da tauraro, ko abu mai matsi? Kowa ya san amsa.

Baban Khadija (Agege): Tirƙashi. Malam, ga ɗalibarka ta taso.

Malamin Fiziks (Idi-Araba): Haka ake so, kuma abin da ta kawo gaskiya ne. Sai dai ƙanwata, sarari mai awo uku ba ƙaramin bambanci ne da namu ba. A can nauyi ba ya jan abu daga nesa irin yadda rana take jan duniya, kuma baƙin rami ba ya samuwa sai an ƙara wa sararin wata lanƙwasa ta musamman. Inda kafa iyakar ba-dawowa take da wuya tun asali, ba abin mamaki ba ne a ga cibiya ba sutura.

Duba ɗaya ɓangaren. In aka ƙara awo ya zama biyar, abu yana iya juyawa ta fuska biyu a lokaci guda. Myers da Perry suka fitar da lissafin irin waɗannan baƙaƙen ramuka a 1986. In juyin biyu suka zo daidai da juna, siffar ba ta bajewa gefe guda, komai ya dogara ga nisa daga tsakiya kawai. Da wannan Delsate da Rocha da Santarelli suka yi amfani a 2014, suka warware motsin ɓawo mai juyi cikakke, ba tare da cewa juyin kaɗan ne ba. A can nauyi yana ja daga nesa, akwai iyakar juyi kamar ta Kerr. Ɓawon ko dai ya shige ya zama baƙin rami, ko ya zo kusa ya koma. Wannan ya fi kama da gidanmu.

Ɗalibar Akoka: Ya fi kama, amma ba shi ba ne. Ɗaya awo uku, ɗaya biyar, ɗaya bututu marar ƙarshe. Mu a huɗu muke. Kuma a awo biyar ɗin ma ai an ga sutura ta yage: Lehner da Pretorius a 2010 sun bi baƙin rami mai siffar igiya a kwamfuta, yana tsinkewa gaɓa-gaɓa har iyakar ta tsuke ta kai ga cibiya a fili. In za mu karɓi shaidar awo biyar inda ta yi mana daɗi, mu karɓe ta inda ba ta yi ba.

Injiniya (Apapa): Ni fa hujjar Malama ta fara shiga ta. Amma ku dawo da mu awo huɗu. Ba wanda ya gwada a nan?

Malamin Fiziks (Idi-Araba): An gwada ta hanya biyu. Ta farko kwamfuta. A 1985 Stark da Piran suka bi ruftawar taurari masu juyi. Masu juyi kaɗan suka zama baƙin rami irin na Kerr. Masu juyi da yawa suka baje suka zama faifai, suka ƙi ruftawa. Baban Khadija, amsar tambayarka ta farko ke nan gwargwadon abin da aka gani: abin ba ya ruftawa gaba ɗaya, ciki mai ƙarancin juyi ya shige, na waje ya tsaya yana kewayawa da ragowar juyin.

Ta biyu ita ce gwajin Robert Wald na 1974, kuma ina roƙon a karanta wannan a natse. Ya ce a ɗauki baƙin ramin da lambarsa ta kai 1 cif, a jefa masa ɗan dutse mai ɗauke da juyi don a tura shi ya haura. Dutsen yana kawo abu biyu, nauyi da juyi. Nauyin yana ɗaga iyakar juyin, juyin kuma yana matsar da ramin kusa da ita. Don a yi nasara sai juyin dutsen ya fi wani adadi idan aka gwada da nauyinsa. Da ya lissafa, sai ya ga duk dutsen da juyinsa ya kai ya yi ɓarnar, fizga tana kautar da shi, ba ya shiga ramin. Wanda zai iya shiga kuma juyinsa bai isa ba. Layin da ya raba mai shiga da marar shiga, shi ne daidai layin da ya raba mai ɓarna da marar ɓarna. Ba wanda ya sa wannan da hannu, daga cikin lissafin Einstein ya fito. Ni a nan na kafe. Dacewa irin wannan ba ta zuwa a banza.

Kawu Mile 12: Allahu Akbar. Ɗiyata, me za ki ce a nan?

Ɗalibar Akoka: Kawu, wannan hujja ce mai ƙarfi, har ma zan ƙara masa. A 2009 Jacobson da Sotiriou sun ce in ramin bai kai 1 ba amma saura ƙiris, akwai 'yar kafa da za a bi a haura. A 2017 Sorce da Wald suka sake lissafin tare da tasirin da dutsen kansa yake yi wa sararin, kafar ta toshe. Na yarda rami da ya riga ya kafu ba a yaye masa sutura da jifa.

Amma wannan wata tambaya ce daban. Kare ramin da ke akwai ba ɗaya ba ne da tabbatar da cewa kowace ruftawa za ta kafa rami. A awo huɗu namu Christodoulou ya nuna a 1984 cewa ƙura mulmulalliya, in tsakiyarta ta fi gefenta cunkoso, tana iya kai wa ga cibiyar da haske zai fito daga gare ta. A 1993 Choptuik ya gano a kwamfuta cewa a daidai kan layin da ke tsakanin abin da zai zama rami da abin da zai watse, ana samun cibiya tsirara. Saboda wannan ne Hawking, wanda ya yi caca da Thorne da Preskill a 1991 cewa hakan ba ya yiwuwa, ya amsa an ci shi a 1997, ya ba su riguna kamar yadda aka yi sharaɗi.

Malamin Fiziks (Idi-Araba): Ya amsa, amma nan take ya sake ƙulla wata, da sharaɗin cewa sai an samu ba tare da daidaita farkon lamarin da hannu ba. Na Choptuik sai ka tsaya a kan layin cif, ka goce kaɗan ko rami ko watsewa. Shi Christodoulou da kansa ya tabbatar a 1999 cewa misalan da ya gina a irin abin da Choptuik ya yi aiki da shi ba sa jure taɓawa, ana ɗan motsa su sutura take dawowa. Ƙura kuwa ko a lissafin Newton tana taruwa ta yi cunkoso marar iyaka, laifin ƙurar ne.

Sannan mu ɗaga kai mu duba sama. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama igiyoyin haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya ya kai nauyin rana 36, ɗaya 29. Kafin su haɗu, juyin kewayen da suke yi wa juna daga nesa ya fi ƙarfin abin da rami guda zai ɗauka. Suka yi ta zubar da shi ta igiyoyin nauyi, nauyin rana 3 ya tafi a haka, abin da ya rage rami ne mai nauyin rana 62 da lamba kusan 0.7. Ramukan da ke haɗiyar iskar gas daga faifan da ke kewaye da su kuma Thorne ya lissafa a 1974 cewa hasken faifan yana taka musu birki a 0.998.

Maman Amir (Obalende): Hoton nan na 2019 mai zoben wuta fa, bai raba gardamar ba?

Ɗalibar Akoka: Anti, hoton na ramin da ke tsakiyar tarin taurarin da ake kira M87 ne, mai nauyin rana biliyan 6.5, kuma inuwarsa ta dace da lissafin Kerr. Haka na tsakiyar tarin taurarinmu da aka fitar a 2022. Amma abin da suka nuna shi ne waɗannan biyun a rufe suke. Hasashen Penrose cewa yake yi duka, ko'ina, a kowace ruftawa ta hankali. Misali dubu ba sa tabbatar da wannan, guda ɗaya tak zai iya rushe shi. Kyautar Nobel ta 2020 ma a kan aikin 1965 aka ba shi, ba a kan hasashen ba.

Malam, abin da ya rage mini shi ne matsin nan. In a awo uku matsi ne ya karya katangar juyi, ina so in ga dalilin da zai hana shi yin haka a huɗu. Zan sake bin lissafin ɓawon da hannuna in turo hotonsa nan, layi-layi.

Malamin Fiziks (Idi-Araba): Turo, zan bi shi. In kin zo wurin da ɓawon ya kusa tsakiya, ki rubuta matsinsa da nauyinsa gefe da gefe, mu ga ko matsin ya zarce nauyin. In ya zarce, sauti a cikin wannan abu zai fi haske gudu, kuma babu tauraron da aka yi da irinsa. In bai zarce ba, to sai mu ɗauki tambayarki mu gwada ta a kan bututun Thorne, mu sa masa matsi mu ga ko zai dawo baya.